Filin Tambaya da Amsa: Farantan Tangaran 'Yan Japan

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan fili. Tun da muka ɗan taɓo zancen kayan kicin ɗin amare a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, kuma mafi yawansu a kan tangaran ne, musamman wanda 'yan kasuwa suke ce wa ɗan Japan. Na haɗe waɗanda suka yi kama da juna, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri tana nan tafe in Allah ya yarda.

Anti barka da aiki. Dan Allah ina da wasu farantai guda huɗu da na gada wajen kakata, farare ne tas da zanen shuɗi da ja da ruwan zinare, furanni da wani tsuntsu, kakanmu ne ya kawo mata su tsaraba daga aikin hajji tun kafin a haifi mamana. A bayansu an rubuta Japan kawai. Ƙawata ta ce wai sunansu Imari kuma wai tsada gare su sosai a Turai. Da gaske ne? Menene ma Imari ɗin? Wata 'yar uwa daga Kano.

Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta. Ƙawarki ta san abin da take faɗa ta wani ɓangaren, shuɗi da ja da zinare a kan farin tangaran shi ne salon da duniya ta sani da sunan Imari. Amma Imari ɗin ba sunan zane ba ne tun asali, sunan wata tashar jiragen ruwa ce a tsibirin Kyushu da ke kudancin Japan, ta nan ake lodin kayan shi ya sa sunan ya bi su. Inda ake yin su kuwa wani ɗan ƙaramin gari ne cikin duwatsu kusa da tashar, sunansa Arita, a yankin Saga.

Labarin yana da daɗi, bari in ɗan ja shi. Kafin shekarun 1600 Japanawa ba su iya yin farin tangaran ba sam, suna da tukwane da kwanukan yumɓu masu kyau amma farin nan mai sheƙi sai dai su sayo daga Sin. Tsakanin 1592 da 1598 shugabansu na lokacin Toyotomi Hideyoshi ya kai wa Koriya yaƙi har sau biyu, yaƙin bai ci ba, amma da sojojin za su dawo sai suka taho da magina tukwane 'yan Koriya da yawa, wasu ma dole aka yi musu, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Cikinsu akwai wani mutum Yi Sam-pyeong, shi ake dangantawa da gano farin dutsen tangaran a wani wuri da ake kira Izumiyama a nan Arita, shekarar da aka fi ambata ita ce 1616. Shi ya sa a 2016 garin ya yi bikin cika shekara 400 da fara sana'ar. Ki lura na ce dutse fa, ba yumɓu irin namu na bakin rafi ba, dutse ne ake fasawa a daka shi ya zama gari lukui a tace da ruwa sannan a kwaɓa. Yanzu ma mafi yawan dutsen da suke aiki da shi daga Amakusa ake kawo musu.

Gashi uku ake yi wa irin farantanki. Na farko wajen digiri 900 don jikin ya yi ƙwari, sai a zana shuɗin nan da sinadarin kobal, a tsoma shi cikin ruwan da zai zama gilashin samansa, a mayar wuta ta biyu wadda take kaiwa wajen digiri 1300, a nan ne jikin yake haɗewa ya toshe har ruwa ba ya iya shigarsa. Ja da sauran launuka da zinare kuma daga baya ake ɗora su a kan gilashin a sake gasawa a wuta marar ƙarfi wajen digiri 800. Kin ga dalilin da ya sa in kika shafa da yatsa za ki ji shuɗin sumul kamar yana can ciki amma jan da zinaren suna ɗan tasowa, kuma su ne suke fara goguwa in faranti ya tsufa, shuɗin kam har abada.

Wanda ya yi suna da jan nan shi ne Sakaida Kakiemon a shekarun 1640, ana cewa sunan nasa ma daga kaki ya samo shi, wani ɗan itace mai launin ja-ja da ruwan lemo wanda dangin kanya ne irin tamu. Gidan Kakiemon har yau suna nan a Arita suna aikin, jikoki bayan jikoki. Ni a duk salon Japan nasu na fi so, don ba sa cika faranti da zane, reshe ɗaya da tsuntsu ɗaya a gefe sai a bar sauran fili fari kamar madara, ido ya huta.

To yaya aka yi suka kai Turai? A 1644 daular Ming ta faɗi a Sin, rikici ya ɓarke, garin Jingdezhen da yake ciyar da duniya da tangaran ya kasa fitar da kaya yadda ya saba. 'Yan kasuwar Holan da suke zaune a ɗan tsibirin Dejima a Nagasaki, waɗanda su kaɗai ne Turawan da Japan ta yarda su yi ciniki da ita a lokacin, sai suka juyo wajen Arita, a 1659 suka ba da babbar odar farko ta dubun-dubatar kaya. Sarakunan Turai suka haukace a kansu, sarki Augustus na Saxony a Jamus har fada guda ya tanada don tarinsa, kuma masana'antar Meissen da aka kafa a 1710 a ƙarƙashinsa ta yi ta kwaikwayon zanen Kakiemon. Daga baya da Sin ta farfaɗo ita ma ta shiga yin nata Imarin da araha, Ingila ma haka, shi ya sa yau kalmar ta zama sunan salo kawai.

Yanzu zancen tsada, ba zan ɓoye miki ba 'yar uwa. Waɗanda ake sayarwa da kuɗi masu nauyi su ne na shekarun 1600 da 1700, su kuma ba su da rubutun boko a bayansu. Rubuta sunan ƙasa ya samo asali ne daga dokar harajin Amurka ta 1890, daga 1891 zuwa 1921 Nippon suke rubutawa, daga 1921 aka koma Japan. Wato naki na ƙarnin da ya wuce ne, irin waɗanda aka yi da yawa don fitarwa waje. Kaya ne masu kyau na gaske amma ba za su sai miki fili ba. Ki riƙe abinki, ki ringa fito da su ranar sallah ki zuba wa baƙi cincin da dubulan a ciki kina ba yaranki labarin wadda ta bar miki su.

Hajiya ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki, biki ya matso. Mai shago ya nuna min wani dina set ya ce Noritake ne ɗan Japan orijina, kuɗinsa ya ninka na sauran sau uku, amma da na juya bayan farantin sai na ga Sri Lanka. Ya rantse min ba jabu ba ne. Cuta ta zai yi ko kuwa? Uwar amarya daga Katsina.

Allah ya sanya alheri Hajiya, ya kai mu lokacin lafiya. Ganin Sri Lanka shi kaɗai bai nuna jabu ba ne, Noritake suna da babbar masana'anta a Matale a can Sri Lanka tun shekarun 1970 kuma kaso mai yawa na farantansu a can ake yi. Kamfanin na Japan ne, aikin na Sri Lanka, da mai shagon ya faɗa miki haka tun farko da ya fi masa mutunci.

Shi wannan kamfani an kafa shi a 1904 a wani ƙauye mai suna Noritake wanda yanzu ya shige cikin birnin Nagoya, mutanen gidan Morimura ne da suke da shago a New York suka ga Amurkawa suna son farin dina set irin na Turai. Abin da yake burge ni a tarihinsu shi ne shekara goma cur suka yi suna fama da faranti ɗaya, shimfiɗaɗɗen nan mai faɗin santimita 25. Kofi da kwano duk sun iya, amma shi da ya shiga wuta sai ya lanƙwashe ya ƙi fitowa a miƙe, kuma dina set ba ya yiwuwa sai farantai sun fito iri ɗaya sak suna hawa kan juna. Sai a 1914 suka ci nasara suka fitar da set ɗinsu na farko. Wannan ya nuna miki cewa shimfiɗaɗɗen faranti shi ne gwajin masana'anta, kuma shi za ki gwada a shagon.

Ki ce ya jera miki shida a kan juna ki duba ta gefe, in tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce ba mai rawa to aikin ƙwarai ne. Ki ɗora ɗaya a kan tafin hannunki ki ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce, lafiyayyen tangaran ƙara yake yi siririya mai ɗan jimawa kamar ƙararrawa, in kika ji ƙwas ta mutu nan take to ko dai yana da tsaga a ɓoye ko bai gasu ba. Ki haska fitilar waya ta bayansa, mai kyau marar kauri za ki ga haske yana ɗan ratsowa. Sai ki shafa zoben ƙasan da yake zama a kai, ya zama sumul ba kaushi. Tambarin kuma ki karce shi da farce, in yana ɗagowa ko sitika ce kawai aka manna ki ajiye masa kayansa. Banda Noritake akwai Narumi da Nikko, su ma sunaye ne na gaske a Japan.

Shawara ɗaya da ba ki tambaya ba Hajiya, in kuɗin zai takura ki gara ki sai mata farantai goma sha biyu masu kyau farare da za ta ringa cin abinci a ciki kullum a kan set mai guda tamanin da zai shekara ashirin a shogilas ana goge masa ƙura. Na ga gidaje da yawa da amarya ta zama kaka ba a taɓa zuba miya a set ɗin ba, abin yana taɓa min zuciya wallahi, don uwa ta sha wahala kafin ta haɗa shi.

Anti yayana ya aiko min da ƙananan kwanuka daga Japan amma guda biyar ne a kwalin, ko an cire ɗaya ne a hanya? Amarya daga Maraɗi.

Ba a cire komai ba ƙanwata, haka suke. Set ɗin gargajiya na Japan biyar-biyar yake zuwa, shida da goma sha biyu lissafin Turawa ne. Sun fi son adadin da ba ya rabuwa biyu musamman a kyauta, huɗu kuwa gudunta suke yi saboda ɗaya daga cikin yadda ake furta ta, wato kalmar shi, daidai yake da kalmar mutuwa a harshensu. Camfinsu ne, mu ba ruwanmu da shi, ki yi amfani da kayanki ki yi wa yaya godiya.

Salam. Na ji an ce akwai tangaran da ake haɗawa da ƙashin dabba, har da na alade. Sannan wanda yake da layin zinare a baki ya halatta a ci abinci a ciki? Abin ya dame ni har na daina amfani da nawa. Malama daga Zariya.

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara mana taka-tsantsan. Eh akwai shi, shi ne wanda za ki ga an rubuta bone china a bayansa. A Ingila aka ƙirƙiro shi, Josiah Spode ne ya daidaita haɗinsa a shekarun 1790, ana ƙona ƙashi ne a wuta mai tsanani har ya zama farar toka a haɗa da farar ƙasa da dutse, wani tokar takan kai kusan rabin haɗin. Ƙashin shanu aka saba amfani da shi. Kamfanonin Japan irin su Noritake da Narumi suna yin irinsa, amma asalin tangaran ɗin Arita da Hasami da Kutani babu ƙashi a cikinsu ko kaɗan, dutse ne da ƙasa. Gane shi ba wuya, mai ƙashi farinsa yana da ɗan ɗumi kamar madara kuma ba nauyi, na dutse farinsa yana ɗan karkata ga shuɗi-shuɗi.

Hukunci kuma na malamai ne. Abin da yake sananne shi ne hadisin Huzaifa da ya hana sha a kwanon zinare da azurfa da ci a farantansu, shi kuma layin nan ruwan zinare ne siriri da aka shafa aka gasa, jikin farantin ba zinare ba ne, kuma malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan abin da aka shafa wa ruwan zinare, haka ma a kan ƙashin dabbar da ba a yanka ba, Hanafawa suna ganin tsarkinsa, Malikawa da Shafi'awa ba haka suke gani ba, ga kuma zancen abin da wuta ta sauya shi gaba ɗaya. Ki ɗauki farantin ki kai wa malamin da kika amince da shi ki yi masa wannan bayanin yadda na yi miki. In kuma kina son hankalinki ya kwanta tun yau, shuɗi da fari marar zinare marar ƙashi ya cika kasuwa, su Japanawan sometsuke suke ce masa kuma suna yawan cin abinci a cikinsa a gidajensu.

Anti na saka faranti mai bakin zinare a maikurowef sai na ga tartsatsi kamar walƙiya, bakin ya yi baƙi. Kuma wai da gaske fentin tsofaffin farantai yana da guba? Maman 'yan biyu, Kaduna.

Subhanallah, Allah ya tsare gaba. Zinaren ƙarfe ne na gaske, ƙarfe kuma ba ya shiri da maikurowef, duk faranti mai layin zinare ko azurfa kar ya sake shiga sai in kamfanin ne ya rubuta cewa an yi shi don haka. Baƙin da ya yi ba zai koma ba sai haƙuri.

Zancen guba kuma gaskiya ne ga wasu. Launukan da ake ɗorawa a saman gilashi, ja da rawaya da ruwan lemo, a da ana haɗa su da dalma, wasu da sinadarin kadmiyam, kuma abu mai tsami shi yake jawo su su fito cikin abinci. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kayan yanzu na kamfanonin kirki ana gwada su kafin su fito, inda nake jin tsoro shi ne tsofaffi da kuma masu arha marasa suna. In zanen yana tsakiyar faranti inda abinci yake zama, kina jin tudunsa da yatsa, ko ya fara dushewa yana yin gari-gari, to kar ki zuba kunun tsamiya ko zoɓo ko miyar tumatir ko yaji mai lemon tsami a ciki, kar ki bar abinci ya kwana a kai, kuma kar ki ba yara a ciki. Busasshen abu irin dabino ko biskit ba laifi. Shuɗin da yake ƙarƙashin gilashi ba shi da wannan matsalar.

Wanki kuma dan Allah a raba su da soson ƙarfe da toka da yashi, soso mai laushi da sabulun ruwa ya isa, kuma kar a fito da faranti daga firij a antaya masa tafasasshiyar miya.

Ranki ya daɗe, kofin shayin mahaifina marigayi ya faɗi ya rabu uku. Na gani a intanet Japanawa suna ɗinke fasasshen kwano da zinare. Zan iya yi da kaina? Wani bawan Allah daga Jos.

Allah ya gafarta wa Baba. Kintsugi sunan abin, amma ba da zinare ake manne shi ba kamar yadda hotuna suke sa mutum ya zata. Abin da yake riƙe shi danƙon wata bishiya ne da suke kira urushi, ana kwaɓa shi da garin alkama a haɗa ɓallin, a cike gurbin da wani haɗin, a goge, a sake shafawa, a ƙarshe ne ake barbaɗa garin zinare a kan layin tun bai bushe ba. Aikin yakan ɗauki makonni har wata biyu ko fiye. Abu biyu za su ba ka wahala a nan, ɗanyen urushi yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu tsanani in ya taɓa fata, sannan shi ba iska ce take busar da shi ba, laima yake so da ɗumi, har akwati na musamman ake saka shi mai danshi, to ka ga da hunturu a Jos sai an yi da gaske.

Waɗanda ake tallatawa masu arha yawanci gam ne irin na kanti da hoda mai ruwan gwal. In don ka ajiye kofin ne kana kallo kana tuna Baba to ya wadatar, ka haɗa shi a hankali, amma kar ka sha shayi mai zafi a ciki. Kuma ɗinke kwano ba baƙon abu ba ne a wajenmu, Anas ya ruwaito cewa kwanon shan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsage sai aka ɗaure wurin da azurfa, yana cikin Bukhari. Iyayenmu ma ai ba sa yar da ƙwarya don ta tsage, ɗinke ta suke yi.

Anti ni ɗalibi ne, ina koyon ginin tukwane. Na ga wasu kwanukan Japan jajaye masu kaushi ko fenti babu, wallahi kamar kaskon da ake sayarwa a kasuwar ƙauyenmu, amma kuɗinsu ya fi na farin tangaran. Me ya sa? Kuma mu me ya hana mu? Daga Bauchi.

Ƙanina wannan tambayar ta fi kowacce yi min daɗi. Abin da ka gani da alama Bizen ne, daga yankin Okayama, ɗaya daga cikin tsofaffin garuruwan gini shida da Japan take alfahari da su, sauran su ne Shigaraki, Tamba, Echizen, Seto da Tokoname. Ba a shafa masa komai, yumɓu ne zalla, amma ana gasa shi da itacen wata bishiya da ake kira jan fain, kwana goma har zuwa sati biyu wuta ba ta mutuwa dare da rana, zafin ya haura digiri 1200. Tokar da take tashi ta sauka a jikinsa ta narke ta bar ɗige-ɗige da suke kira goma a harshensu, wato riɗi, in kuma an naɗe shi da karan shinkafa kafin a saka sai ya fito da jajayen layuka. Ba biyu da suke fitowa iri ɗaya. Bambancinsa da kaskonmu a wutar yake, namu a fili ake gasawa da kara da itace na 'yan awoyi, zafin bai kai ba, shi ya sa yake tsotsar ruwa, wanda kuma shi ne amfanin randa da tulu don ta haka ruwa yake sanyi.

Darajar kuma mutanensu ne suka ba shi. Tun zamanin Sen no Rikyu, malamin al'adarsu ta shan shayi da ya rasu a 1591, manyansu suka ɗauki kwano marar ado suka fifita shi a kan mai ƙyalli, a shekarun 1920 kuma Yanagi Soetsu da abokansa suka tashi da kiran a mutunta aikin hannun talaka da ake amfani da shi kullum. Gwamnatinsu har muƙami take ba gwanayen magina tana tallafa musu don su koyar da na baya.

Ga abin da zai ba ka mamaki, zaren nan ya zo har gida. Hamada Shoji, maginin garin Mashiko, shi da Bature Bernard Leach suka kafa wurin gini a St Ives a Ingila a 1920. Michael Cardew a wajen Leach ya koyi aiki, shi ne kuma ya zo ya buɗe cibiyar koyar da gini a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce wadda hotonta yake bayan naira 20. Ta ɗauki fasalin tulun Gwari da zanen ƙadangaru da kifaye da ta gada ta haɗa da wuta mai ƙarfi da gilashi, kayanta suka zaga Turai da Amurka. Farar ƙasa muna da ita a Ƙanƙara da Alkaleri nan kusa da kai, hannu muna da shi. Abin da za ka sa a gaba shi ne tanderu mai riƙe zafi da sanin haɗin gilashi marar dalma, in ka sami inda ake koyar da waɗannan biyun ka liƙe musu, ka kuma ringa rubuta duk gashin da ka yi a littafi, yawan itace, awoyi, da yadda kayan suka fito.

Anti duk wannan bayanin, wane iri ne zai yi da tuwo da miya? Don ni shimfiɗaɗɗen faranti miyar kuka sai ta gudu. Uwargida daga Kumasi.

Gaskiyarki uwargida, shimfiɗaɗɗen nan an yi shi ne don nama da wuƙa da cokali mai yatsu, su kansu Japanawan don Amurkawa suka fara yinsa. Abincinsu na gida shinkafa ce da romo da ƙananan mahaɗi uku, kowanne da ɗan kwanonsa, kuma ɗaga kwanon suke yi a hannu, kowa a gida da nasa kwanon shinkafar da ba mai taɓa masa. Don haka kwanuka masu zurfi su ne suka fi ƙwarewa a kai, kuma su ne suka dace da mu.

Ki nemi babban kwanon da suke kira domburi ko na taliyar ramen, malmala ɗaya tana zama a ciki daram da wurin miya a gefe, yana da kauri yana riƙe zafi, kuma zoben ƙasansa yana da ɗan tsayi ba zai ƙona miki hannu ba. Na Mino daga yankin Gifu su suka fi yawa da sauƙin kuɗi, kusan rabin kayan cin abincin da ake yi a Japan daga can suke, na Hasami a yankin Nagasaki su ma tun asali don talakawa aka yi su, masu ƙwari ne. Miyar kuka ko kuɓewa ki ɗauki mai faɗin baki don hannu ya shiga ya fita, ƙananan kuma su yi miki yaji da man shanu. In mai manja ce miyar ki zaɓi fari mai santsin gilashi, ki guji mai kaushi ko mai ƙananan tsage-tsagen ado a jiki don manja yana shiga ya zauna, ki kuma wanke da ruwan ɗumi da an gama ci.